Tarihin Otal Ɗin Taj na Birnin Bombai da Yadda Aka Gyara Shi

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin wani ƙaton gini mai jar ƙubba a bakin teku, tattabaru suna ta shawagi a gabansa. Da zarar an nuno shi, to, ana so a gaya wa mai kallo cewa labari ya iso birnin Bombai ke nan. Sunan wannan gini Taj Mahal Palace, kuma otal ne, watau masaukin baƙi na kuɗi. Shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihinsa a wannan fili, tun daga dalilin gina shi har zuwa yadda aka tashe shi bayan an ƙone shi a 2008.

Da farko kada a haɗa shi da Taj Mahal na garin Agra. Wancan farin gini kabari ne, wanda Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz bayan ta rasu a 1631. Tsakaninsa da otal ɗin akwai fiye da kilomita 1,000, suna kawai otal ɗin ya ara. Shi kuma birnin, tun 1995 hukuma ta mai da sunansa Mumbai, amma zan riƙa ce masa Bombai a inda labari ya shafi zamanin da ake kiransa haka.

Wanda ya gina otal ɗin wani attajiri ne mai suna Jamsetji Tata, an haife shi a garin Navsari a 1839. Ɗan ƙabilar Farsi ne, mutanen da kakanninsu suka yi ƙaura daga ƙasar Farisa zuwa Indiya tun zamani mai tsawo. Ya tashi daidai lokacin da Bombai ke bunƙasa. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya hana masaƙun Ingila samun audugar Amurka, sai suka koma sayen ta Indiya, kuɗi suka yi ta kwarara cikin birnin. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 kuwa, Bombai ta zama ƙofar da jiragen ruwan Turai ke fara tsayawa. Jamsetji ya yi arziki da auduga, ya kafa babbar masaƙa a Nagpur a 1877. Idan kun taɓa ganin babbar mota ko bas mai tambarin Tata a titunanmu, to, daga gidan mutumin nan sunan ya fito.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa game da abin da ya sa ya gina otal. Wai wata rana ya je wani otal na Turawa mai suna Watson, aka tare shi a ƙofa aka ce ba a barin Indiyawa su shiga. Sai ya yi rantsuwa zai gina wanda ya fi shi. Labarin yana da daɗi, musamman ga waɗanda su ma Turawan Ingila suka mallake su kamar mu. Amma masana tarihi da yawa ba su yarda da shi ba, suna cewa mutum irin Jamsetji ba zai zuba dukiya mai yawa haka don huce haushin mai gadi ba. Ni ma na fi karkata ga ra'ayinsu, domin akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi, kuma kowa yana iya ganinsa idan ya dubi shekarun.

A 1896 annoba ta faɗa wa Bombai. Irin cutar nan ce da ƙumar ɓera ke yaɗawa, mutum ya kamu da zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta fito masa a hammata ko a matsematsi, cikin 'yan kwanaki sai a ji ya cika. Ta fara ne daga unguwar Mandvi kusa da tashar jiragen ruwa, inda rumbunan hatsi suke, ɓeraye kuwa sun yi gida. Mutane suka yi ta mutuwa, dubban ɗaruruwa suka tattara nasu ya nasu suka gudu ƙauyuka. Masaƙu suka rasa ma'aikata, ƙasashen waje suka shiga tsoron jiragen da suka taso daga can. Har wani likita mai suna Haffkine ya haɗa allurar riga-kafi a birnin, ya fara gwada ta a jikinsa a Janairun 1897. To, cikin wannan hali, a 1898, Jamsetji ya sa aka haƙa harsashin otal. Ku duba fa, gari ana gudu daga cikinsa, shi kuwa yana gina wa baƙi masauki! Abin da yake nufi a fili yake: yana so duniya ta san Bombai ba ta mutu ba, 'yan kasuwa da matafiya su dawo.

Indiyawa biyu ne suka zana ginin, Sitaram Vaidya da D. N. Mirza. Vaidya ya rasu kafin a gama, sai wani Bature mai suna Chambers ya ƙarasa aikin. An gauraya fasali iri iri a cikinsa. Bakunan tagogi da ƙananan ƙubbobin kusurwa irin na gine-ginen Musulmi ne, barandodi irin na sarakunan Indiya, babbar ƙubbar tsakiya kuwa irin ta Italiya ce, tsayinta daga ƙasa ƙafa 240. Matuƙan jiragen ruwa da ita suke gane sun iso, tun suna can nesa cikin teku.

Jamsetji da kansa ya yi yawo ƙasashe yana sayen kaya. Fankoki daga Amurka, na'urar hawa bene daga Jamus, ginshiƙan ƙarfe 10 daga Faris waɗanda aka tokare babban zauren biki da su. Otal ɗin yana da injin wutar lantarki na kansa, a zamanin da yawancin gidajen birnin ke kunna fitilar kananzir. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne har manyan boyi-boyi aka ɗauko daga Ingila. Sarkin Ingila ke mulkin Indiya, ga kuma talakawansa suna ɗaukar tire a gidan Ba'indiye. Ran 16 ga Disamba, 1903 aka buɗe, da baƙi 17 kacal.

Wani labarin kuma da ake yi shi ne wai magina sun juya takardar zane, suka gina otal ɗin baya na gaba, har mai zanen ya faɗo daga bene don baƙin ciki. Wannan ƙanzon kurege ne. Gaskiya ne ƙofar shiga ta asali tana fuskantar gari, ta ba teku baya, amma da gangan aka yi, don ɗakunan kwana su sami iskar teku, kekunan doki kuma su shigo daga gari ba wahala. Daga baya ne aka mai da ƙofa wajen teku, tsohuwar farfajiya ta zama wurin iyo.

Jamsetji bai daɗe yana kallon aikinsa ba. Ya rasu a Jamus ran 19 ga Mayu, 1904, wata biyar bayan buɗewa. Cikin manyan burikansa, wannan kaɗai ya gani da idonsa. Masana'antar ƙarfe da babbar makarantar kimiyya ta Bangalore da tashar lantarki ta ruwa, duk 'ya'yansa ne suka cika su bayan ransa.

Daga nan otal ɗin ya shiga ganin duniya. A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, an mai da shi asibiti mai gado 600. A 1924 aka gama gina babbar ƙofar nan ta dutse da ke gabansa, wadda ake kira Ƙofar Indiya, don tunawa da zuwan Sarki George na Biyar a 1911. Kun ga otal ɗin ya girme ta da shekara 21. Sarakunan Indiya a nan suke sauka, haka manyan Turawan mulki, haka kuma masu neman a kori Turawan, irin su Sarojini Naidu wadda ta yi shekaru tana da ɗaki a ciki. Indiya ta sami mulkin kai a 1947, kuma ran 28 ga Fabrairu, 1948 rundunar ƙarshe ta sojan Ingila ta bi ta Ƙofar Indiya ta shiga jirgi, a ƙarƙashin tagogin otal ɗin.

Gini a bakin teku ba ya hutawa. Iskar gishiri tana sa ƙarfe tsatsa, damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, katako ya kumbura, bango ya yi fumfuna. Ko mu nan da ke nesa da teku mun san idan kwanon ɗakin kwana ya fara yoyo aka bar shi damina ɗaya, silin ya tafi ke nan. Wajen shekarun 1960 Taj ya tsufa, ya fara komawa baya. Masu shi suka yi masa kwaskwarima, sa'an nan suka rushe wani ƙaramin otal mai suna Green da ke maƙwabtaka da shi, suka gina dogon bene na zamani mai hawa fiye da 20, aka buɗe a 1973. A ganina wannan sabon bene bai kama ƙafar tsohon wajen kyau ba, amma ɗakunansa sun kawo kuɗin da ake kula da tsohon.

Ina kuma otal ɗin Watson na ɗazu? A cikinsa ne aka fara nuna silima a ƙasar Indiya, a Yulin 1896, saboda haka duk mai son finafinan Indiya yana da abin tunawa da shi. Amma ya daina aikin otal, aka yanyanka ɗakunansa ana ba da haya, ba mai gyara. A 2005 wani sashe na barandarsa ya rufto har ya kashe mutum. Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa tsakanin gine-ginen nan biyu, ruwa ɗaya ke dukansu.

Babbar masifar Taj ta zo ne ran 26 ga Nuwamba, 2008 da dare. Wasu samari 10 na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka taso daga Karachi ta ƙasar Pakistan, suka shigo Mumbai ta teku da bindigogi da gurneti. Suka rarrabu, waɗansu suka nufi babbar tashar jirgin ƙasa, waɗansu otal ɗin Oberoi, waɗansu wani gidan Yahudawa, huɗu kuma suka shiga Taj. Kusan awa 60 ana ba-ta-kashi, sai da safiyar 29 ga wata sojojin ƙundumbala suka gama da su. Mutum 166 aka kashe a birnin, 31 daga ciki a Taj. Sun cinna wuta a sassa da dama, duniya tana kallo a talabijin hayaƙi yana tashi ta gefen jar ƙubbar. Ɗaya aka kama da rai, aka yi masa shari'a, aka rataye shi a 2012. Sauran tara kuwa, shugabannin Musulmin Mumbai suka ƙi yarda a binne su a maƙabartarsu, suka ce wanda ya yi wannan aiki ba ya tare da su.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Ma'aikatan otal sun san kowace ƙofar baya da kowane lungu, da sun so da sun sulale tun harbin farko. Ba su gudu ba. Masu kula da wayar tarho suka zauna a kujerunsu suna buga wa ɗaki ɗaki, suna cewa a kulle ƙofa, a kashe fitila, kada a fito. Wata budurwa mai kula da zauren liyafa ta rufe baƙinta a ciki, ta sa suka kwanta ƙasa shiru, ita da abokan aikinta suna bi suna ba su ruwa har asuba, sa'ad da 'yan kwana-kwana suka fitar da su ta taga. Ma'aikatan kicin suka jeru suka yi wa baƙi katanga da jikinsu ana fitar da su ta hanyar baya, a nan aka harbe waɗansunsu. Babban manajan otal ɗin, matarsa da 'ya'yansa biyu suna hawa na shida inda wuta ta fi ci, duk suka rasu, shi kuwa ya ci gaba da aikin ceto. Ma'aikata fiye da 10 suka rasa rayukansu, ɗaruruwan baƙi suka tsira.

Abin ya ba mutane mamaki har wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Rohit Deshpande, ya yi bincike a kansa. Ya gano kamfanin ya fi ɗaukar yara daga ƙananan garuruwa, inda har yanzu ake girmama manya, ya kuma horar da su wata 18, yana koya musu su tsaya wa baƙo ko da abin zai ci kuɗin otal. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu kan faɗi wannan a aji don cin jarrabawa, su kuwa mutanen nan da bakin bindiga aka yi musu tasu jarrabawar.

Shugaban kamfanonin Tata a lokacin shi ne Ratan Tata, wanda ya rasu a 2024. Ya tsaya a bakin titi yana kallon ginin kakanninsa yana ci da wuta, ya ce za a mai da shi yadda yake. Sabon benen nan na 1973 bai yi mummunar ɓarna ba, saboda haka ran 21 ga Disamba, kwana 22 bayan an daina harbi, aka sake buɗe shi. Malaman addinai dabam dabam, har da limamin Musulmi, suka yi addu'a a wurin. Wannan gaggawa ba ta rasa nasaba da abin da Jamsetji ya yi a 1898. Masu harin sun zaɓi Taj ne don duniya ta ji tsoron Mumbai, saboda haka kowace rana da ƙofar ta kwana a kulle riba ce gare su.

Tsohon ginin kuwa sai da ya ci wata 20 da ɗoriya. Dalili shi ne gyaran tsohon abu ya fi gina sabo wuya. Mai sabon gini yana yin abin da ya ga dama, mai gyara kuwa dole ya bi sawun wanda ya mutu shekara 100 da suka wuce. Hawa na shida ya ƙone, ɗakunan cin abinci da dama sun zama gawayi. Inda wuta ba ta kai ba hayaƙi ya kai, inda hayaƙi bai kai ba ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙa, ga kuma ramukan harsashi a bango da marmara. Sai da injiniyoyi suka fara duba ko zafin wuta ya raunana ƙarfen da ke riƙe da ginin. Sa'an nan aka zo kan aikin hannu: sassaƙar katako, adon silin, dogayen matakalan da ke ƙarƙashin ƙubba, kowanne a gyara shi ya dace da na kusa da shi har ido ya kasa rabewa.

Otal ɗin yana da tarin zane-zane na manyan masu zanen Indiya, waɗanda aka yi shekaru ana saye. Da yawa kunkunniya ta rufe su, waɗansu danshi ya sa sun yi fumfuna. Irin wannan ba a kai shi wanki. Gwanaye ne ke zama da ɗan auduga a bakin tsinke suna gogewa kaɗan kaɗan, zane ɗaya ya ci makonni. A bayan bango kuma, inda baƙo ba ya gani, aka sabunta wayoyin lantarki da bututun ruwa da na'urorin kashe gobara. Aka ƙara tsaro ƙwarai, ana binciken mota da jaka da mutum kafin a shiga. Ran 15 ga Agusta, 2010, ranar bikin mulkin kan Indiya, aka buɗe tsohon ginin. An kashe rupi miliyan 1,750.

Na san wani uba zai karanta wannan adadi ya girgiza kai, ya ce duk wannan don masu kuɗi su sami wurin kwana? Yana da hujja. A birnin nan ne unguwar Dharavi take, inda dubban ɗaruruwan talakawa ke cunkushe a ɗakunan kwano, kuma kuɗin kwana ɗaya a Taj ya fi abin da yawancinsu ke samu a wata. Har wa yau, mutum 58 aka kashe a tashar jirgin ƙasa, kusan ninki biyu na waɗanda suka mutu a Taj, yawancinsu talakawa masu jiran jirgin komawa gida, amma 'yan jarida a ƙofar otal suka kafa kyamarorinsu. Wannan bai yi mini daɗi ba, kuma kyan ƙubba ba zai sa in manta da shi ba.

Duk da haka ban ga laifin gyaran ba. Kuɗin kamfani ne da na inshora, kuma masu cin abinci a jikin otal ɗin suna da yawa: kuku, mai wanki, mai shara, direban tasi, mai kawo kifi da kayan miya, har mai ɗaukar hoto a bakin Ƙofar Indiya. Ba a sallami ma'aikata ba lokacin da ƙofa take rufe, an ci gaba da biyansu albashi. Iyalan waɗanda suka mutu an ɗauki nauyinsu, har da karatun 'ya'yansu. Kamfanin ya kuma kafa wata gidauniya a Disamban 2008, wadda taimakonta ya kai ga waɗanda harin ya shafa a tashar jirgi da kan titi, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar Taj ba.

A cikin otal ɗin an yi wurin tunawa, an rubuta sunayen waɗanda suka mutu a jikin bango, baƙi da ma'aikata tare. Ran 6 ga Nuwamba, 2010 Shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya tsaya a wurin, ya kuma kwana a otal ɗin. A 2017 aka yi wa siffar ginin rajista kamar yadda ake yi wa tambarin kaya, shi ne gini na farko a Indiya da ya sami haka, watau ba mai buga hoton ƙubbar a jikin hajarsa ya sayar sai da izini. A 2020 kuma, da annobar korona ta rufe Mumbai baƙi suka ɗauke ƙafa, sai aka ba likitoci da ma'aikatan jinya ɗakunan su riƙa kwana, kicin ɗin kamfanin kuma yana dafa abinci ana kai wa asibitocin birnin.